Darasi Daga Rayuwar Steve Wozniak: Yaron da Ya Ƙera Kwamfuta a Kan Takarda

Masu koyon gyaran waya da kwamfuta sukan yi korafin cewa rashin kayan aiki ne ke hana su ci gaba. Darasinmu na yau zai duba rayuwar mutumin da ya ƙera kwamfutar farko ta kamfanin Apple, wato Steve Wozniak, domin rashin kayan aikin ne ma ya mayar da shi gwani.

Yadda ya taso

An haifi Wozniak ranar 11 ga Agusta, 1950, a birnin San Jose na jihar Kalifoniya a Amurka. Mahaifinsa injiniya ne a kamfanin Lockheed. Tun yana ƙarami mahaifin ke zama da shi yana yi masa bayanin yadda lantarki ke gudana, da aikin resisto da na transisto. Ba sunan abu kawai yake faɗa masa ba, sai ya nuna masa dalilin da ya sa abin ke aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: bai gama firamare ba ya samu lasisin amfani da rediyon sadarwa na masu sha'awa.

Kwamfuta a kan takarda

A lokacin da yake sakandare, kwamfuta kayan manyan kamfanoni da jami'o'i ce, ba abin da ɗalibi zai saya ba. Abin da Wozniak ke iya samu shi ne littattafan bayanin waɗannan na'urori. Sai ya riƙa ɗaukar fensir da takarda yana sake zana tsarin cikinsu da kansa. In ya gama, sai ya koma farko ya sake zanawa da cip ɗin da bai kai yawan na baya ba. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ke biyansa.

A nan sirrin yake. Ba za ka iya cire cip ɗaya daga zane ba sai ka san ainihin aikin da yake yi, da kuma wanda zai iya ɗaukar wannan aikin a madadinsa. Wannan atisayen ne ya sa ya san cikin kwamfuta kamar yunwar cikinsa, tun kafin ya mallaki ko guda.

A 1971 shi da abokinsa Bill Fernandez suka haɗa kwamfutarsa ta farko da 'yan kayan da ya samu. Ba ta da kibod, ba ta da fuska, sai ƙananan fitilu da ke nuna sakamako. Fernandez ne kuma ya haɗa shi da Steve Jobs.

Daga Hewlett-Packard zuwa Apple

Wozniak ya bar jami'a bai kammala ba, ya kama aiki a kamfanin Hewlett-Packard, a sashen ƙera kalkuleta. A 1975 ya fara halartar taron wata ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta mai suna Homebrew Computer Club. Kwamfutar da ake yayi a wurin ita ce Altair 8800, wadda ake ba ta umarni ta hanyar kunna maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa sai ya ga me zai hana a haɗa kwamfuta da kibod da talabijin ɗin gida, mutum ya rubuta ya ga abin da ya rubuta?

Nan ma aljihu ne ya yi masa zaɓi. Furosesar Intel 8080 ta fi ƙarfinsa, sai ya ɗauki MOS 6502 da ake sayarwa kusan dala 25. Manhajar BASIC ta na'urar ma da hannu ya rubuta ta a takarda. Ya fara kai wa Hewlett-Packard zanen, suka ce ba sa bukata. Ranar 1 ga Afrilu, 1976, shi da Jobs da Ronald Wayne suka kafa Apple. Don samun jari, Wozniak ya sayar da kalkuletarsa, Jobs ya sayar da motarsa. An sayar da Apple I a kan dala 666.66, a 1977 kuma Apple II ta fito, mai nuna launi.

Abin da za ka ɗauka

Na farko, ka koyi karanta zanen fanel. Mai gyaran da ya iya canza kaya kawai, ranar da ya canza batir da fuska da wurin caji amma waya ta ƙi tashi, ya kai ƙarshen iliminsa, kuma ya jawo wa mai waya asarar kuɗi. Wanda ya san hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa furosesa, shi zai ɗauki mita ya bi layin har ya gano inda ta tsaya.

Na biyu, ka riƙa tambayar dalili. Duk abin da maigidanka ya ce ka cire, ka nemi sanin me ya sa shi ne ya lalace, ba na kusa da shi ba.

Na uku, ka zauna da 'yan'uwanka masu sana'a. A Homebrew, Wozniak raba zanensa yake yi kyauta, ana dubawa ana tattaunawa.

Na huɗu, kar ka ɗauka tarihinsa hujjar barin makaranta ce. Ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya kammala digirinsa a shekarun 1980, daga baya kuma ya shafe shekaru yana koyar da yara 'yan makaranta kwamfuta.

Aikin gida

Nemi mataccen fanel na waya ko kwamfuta, irin wanda ake yarwa a shagon gyara. Saita mitarka a wurin gwada haɗuwar layi, ka fara daga inda wuta ke shiga. Duk abin da layin ya bi ta kansa, ka zana shi a takarda, ka rubuta aikinsa a gefe. Wanda ba ka gane aikinsa ba, ka yi masa alama, ka tambayi wanda ya riga ka a sana'ar. Idan ka gama, sai ka rufe takardar ka sake zanawa da ka.