Sa'ad da Gida Ya Zama Wurin Tsoro: Hanyar Doka Domin Matashi Ɗan Makaranta

Gabatarwa

Akwai bambanci tsakanin horo da azabtarwa. Horo yana gyara yaro, amma dukan da yake barin rauni, hana abinci, fyaɗe, da tilasta aure duk laifuffuka ne a gaban doka. Matasa da yawa, sa'ad da wahala ta kai musu iyaka, sukan gudu da dare su nufi tasha ko gidan aboki. Da haka karatunsu yakan tsaya, kuma sau da dama sukan faɗa hannun mugaye. Akwai hanyar fita wadda doka ta tanada, kuma ita ce take kare ran matashi da karatunsa tare.

Abin da doka ta ce

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Ta haramta cutar da shi ta jiki ko ta tunani, ta hana yin lalata da shi da kuma watsi da kulawarsa. Ta kuma umarci kotu ta sa amfanin yaron a gaba da kome. Jihohi suna da nasu dokokin a kan wannan tushe: Filato ta yi tata a 2005, Legas a 2007, Kaduna kuwa a 2018. Saboda haka ya kamata iyali su nemi sanin dokar jiharsu.

Tun da doka tana ɗaukarsa yaro, matashi yana bukatar babban mutum ko hukuma da za ta ɗauki nauyinsa. Kotun Iyali, wadda take zama a matakin Majistare da na Babbar Kotu, tana da ikon ba da umarnin kariya na gaggawa, ta danƙa yaro ga ɗan'uwa amintacce, ko mai riƙo, ko gidan kula da yara da gwamnati ta amince da shi. Dokar VAPP ta 2015, wadda ta hana cin zarafin mutane, ta yarda yaro ya nemi umarnin kariya ba tare da taimakon iyayensa ba. Malami, ko ma'aikacin lafiya, ko jami'in walwala yana iya nema a madadinsa.

Matakan da za a bi

1. Idan rai yana cikin haɗari, a kai yaron ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko a kira lambar gaggawa ta 112.
2. A kai shi asibiti domin magani, a kuma karɓi rahoton likita, gama shi ne shaida mai ƙarfi a kotu.
3. A kai rahoto ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ko Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha.
4. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Batun makaranta

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta mai da shekara 9 na farko kyauta kuma dole: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Barin gida bai soke wannan haƙƙi ba. A sanar da shugaban makaranta da wuri, domin ta hannun makaranta ake yin rajistar jarrabawar WAEC da NECO. In sauya makaranta ya zama dole, a karɓi takardar canji da sakamakon zangunan baya. A kuma adana takardar haihuwa da lambar NIN, wadda JAMB take nema kafin rajista.

Gargaɗi ga masu taimako

Sau da yawa gidan fasto, ko na wata uwa daga zumuntar mata, shi ne mafakar farko. Wannan alheri ne, amma ɓoye ɗan wani ba da sanin hukuma ba yana iya jawo zargin satar yaro. Wanda ya karɓi yaro ya kai rahoto nan da nan. Sulhu yana da wurinsa a ƙananan saɓani, amma dattawan ikkilisiya ba su da ikon rufe maganar fyaɗe ko mummunan rauni domin gudun kunya. Umarnin girmama iyaye bai ba kowa izinin azabtar da ɗansa ba, kuma yaron da ya nemi taimako bai yi rashin biyayya ba.

Tambayoyi domin nazari

1. Ta yaya iyali za su gane inda horo ya ƙare, azaba ta fara?
2. Ina ofishin walwala mafi kusa, kuma wa ya san hanyarsa a ikkilisiya?
3. Wane tanadi ikkilisiya take da shi domin kuɗin makarantar yaron da ya bar gida?