Darasi na 14: Manhajar Kwamfuta da Lissafin Kwanakin Tarihi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ku iya bayyana bambancin da ke tsakanin manyan kalandun da ake haɗuwa da su a littattafan tarihi, ku san yadda manhaja take juya kwanan wata daga wata kalanda zuwa wata, ku kuma iya tantance amsar da ta ba ku.

Karatu

Littattafan tarihin Nijeriya suna cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu, 1817. Amma malaman da suka rayu tare da shi ba haka suka rubuta ba. Su da kalandar Hijiriyya suke lissafi, kuma a wurinsu ranar ita ce 3 ga Jimada Sani, 1232. Rana ɗaya ce, suna biyu. Kafin ta shiga littafinku da sunan da kuka sani, sai da wani ya zauna ya yi lissafi. A da, masu bincike kan buɗe manyan jadawalai da aka buga domin wannan aiki. A yau kuwa akwai manhajoji a kwamfuta da wayar hannu waɗanda ke ba da amsa kafin ƙiftawar ido. Sai dai Hausawa kan ce, sanin wurin bugu shi ne ƙira. Wanda bai san kalandar da yake tambaya a kanta ba, manhaja za ta ba shi amsa da sauri, amma amsar tana iya zama kuskure.

Kalandu huɗu da ya kamata ku sani

Ta farko ita ce kalandar Yuliyas Kaisar, shugaban Rum, wadda ta fara aiki shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa. Shekararta kwana 365 ce, sannan bayan kowace shekara huɗu a ƙara kwana ɗaya a watan Fabrairu. Wannan lissafi ya fi ainihin shekarar rana tsawo da kimanin minti 11. Minti 11 ba wani abu ba ne a ido, amma cikin kowace shekara 128 sukan taru su cika kwana guda.

Ta biyu ita ce wadda muke kira Miladiyya a yau. Paparoma Giregori na 13 ne ya kawo ta a 1582 domin gyara wancan kuskure. A ƙasashen da suka karɓe ta nan take, irin su Sifen da Fotugal, mutane sun kwanta ranar Alhamis, 4 ga Oktoba, suka tashi ranar Juma'a, 15 ga Oktoba. An kuma kafa doka cewa shekarar da ta cika ƙarni ba za ta sami ƙarin kwana ba, sai idan 400 za ta raba ta ba ragowa. Shi ya sa aka yi 29 ga Fabrairu a 2000, amma ba a yi a 1900 ba. Ba dukkan ƙasashe ne suka sauya lokaci ɗaya ba. Ingila ta jira har 1752, inda 14 ga Satumba ta bi bayan 2 ga Satumba. Rasha kuwa sai a 1918.

Ta uku ita ce Hijiriyya, wadda aka tsara a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi. Tana ƙirge ne daga shekarar da Annabi Muhammadu (SAW) ya yi hijira daga Makka zuwa Madina, wato 622. Ita da wata take tafiya. Kowane wata kwana 29 ne ko 30, shekara kuma kwana 354 ko 355. Ke nan ta gaza Miladiyya da kusan kwana 11, don haka shekara 33 ta Hijiriyya daidai take da kimanin shekara 32 ta Miladiyya. Wannan ne dalilin da ya sa azumin Ramalan yake zagayawa, wani lokaci a damina, wani lokaci a hunturu.

Ta huɗu ita ce ta ƙasar Habasha. Tana da wata 13: goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, da ɗan ƙarami na ƙarshe mai kwana biyar ko shida. Tana bayan Miladiyya da shekara bakwai ko takwas. Habashawa sun shiga shekararsu ta 2000 ne a watan Satumba na 2007.

Yadda manhaja take aiki

Manhaja ba ta tsalle kai-tsaye daga wannan kalanda zuwa waccan. Akwai wata gada da take bi. Masana taurari sun ba kowace rana lamba tata, suna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da kula da wata ko shekara ba. Ƙirgen ya fara ne daga 1 ga Janairu, shekara 4713 kafin haihuwar Annabi Isa, bisa wani tsari da masanin nan Yusufu Sikalija ya fito da shi a 1583. A wannan ƙirge, 1 ga Janairu, 2000 ita ce rana ta 2,451,545. Ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai kuwa, wato 1 ga Oktoba, 1960, ita ce ta 2,437,209.

Idan kuka ba manhaja kwanan wata na Hijiriyya, sai ta fara mayar da shi wannan lamba, sannan ta mayar da lambar zuwa Miladiyya ko duk kalandar da kuka zaɓa. Lambar tana da wasu amfanoni biyu. Na farko, tana sauƙaƙa sanin yawan kwanakin da ke tsakanin ranaku biyu: ku ɗebe ƙarama daga babba, za ku ga kwana 14,336 ne tsakanin ranakun nan biyu da muka ambata. Na biyu, tana nuna ranar mako. A raba lambar da bakwai. Idan ba ragowa, Litinin ce. Idan ragowar ɗaya ce, Talata ce, haka har zuwa shida, wato Lahadi. Lambar ranar 'yancin kai tana barin ragowar biyar, ke nan Asabar ce.

Lissafin kai kafin a taɓa na'ura

Kafin ku buɗe manhaja, ku yi kintace da alƙalami. Ku raba shekarar Hijiriyya da 33, ku ɗebe abin da kuka samu daga shekarar, sannan ku ƙara 622. Mu gwada da shekarar rasuwar Shehu. Idan aka raba 1232 da 33, za a sami 37 da 'yar ragowa. A ɗebe 37 daga 1232, saura 1195. A ƙara 622, ya zama 1817. Wannan kintace ne kawai, domin shekarar Hijiriyya takan ratsa shekaru biyu na Miladiyya. Ita 1232 ta fara ne tun 21 ga Nuwamba, 1816. Duk da haka, idan manhaja ta ba ku amsar da ta yi nisa da kintacenku, kun san akwai abin da kuka shigar ba daidai ba.

Wurare biyar da ake yawan tuntuɓe

Na ɗaya, ganin wata. Yawancin manhajoji suna bin ƙa'idar lissafi: wata mai 30, mai bi masa 29, da ƙarin kwana a shekara 11 cikin kowace 30. Jama'a kuwa da ganin jinjirin wata suke aiki, kuma a Nijeriya Sarkin Musulmi ne yake sanar da ganinsa. Ko su masu lissafin ba su haɗu a kan mafari ɗaya ba: wasu daga 16 ga Yuli, 622 suke farawa, wasu daga 15. Saboda haka wata manhajar za ta ce 1 ga Oktoba, 1960 ita ce 9 ga Rabi'us Sani, 1380, wata kuma ta ce 10. Bambancin kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Idan takardar da kuke nazari ta ambaci ranar mako, to ita ce alƙali, domin ranakun mako ba su taɓa tsinkewa ba.

Na biyu, farkon yini. A lissafin Hijiriyya rana tana farawa ne da faɗuwar rana. Idan Bahaushe ya ce "daren Juma'a", daren da ke tsakanin Alhamis da Juma'a yake nufi. Abin da ya faru bayan magariba yana cikin sabuwar rana a Hijiriyya, alhali a Miladiyya ba a sauya ba sai ƙarfe goma sha biyun dare.

Na uku, wace Miladiyya? Wasu manhajoji suna tafiyar da dokar Giregori baya har zamanin da ba a ƙirƙiro ta ba. Irin waɗannan za su nuna muku 19 ga Yuli, 622 a inda littafi ya ce 16, domin littafin da lissafin Yuliyas ya yi aiki. Haka kuma juyin-juya-halin Rasha na 1917 da ake dangantawa da watan Oktoba: a Rasha 25 ga Oktoba ce, amma a Ingila da Faransa wannan rana 7 ga Nuwamba ce.

Na huɗu, iyakar manhajar kanta. Manhajar Excel, wadda ake yawan aiki da ita a ofisoshi, ƙirgenta na kwanaki daga 1 ga Janairu, 1900 yake farawa. Idan kuka rubuta kwanan wata na 1817, rubutu kawai za ta ɗauke shi, ba za ta yi lissafi da shi ba. Tana kuma karɓar 29 ga Fabrairu, 1900, ranar da ba a taɓa yi ba a Miladiyya.

Na biyar, ramzi. Marubutan ajami a ƙasar Hausa sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa ko littafi a cikin wata kalma, inda kowane harafin Larabci yake da lambarsa. A tsarin Magaribi da suke bi, shinun 1000 ne, ra 200, lam 30, ba kuma 2. Idan aka haɗa waɗannan huɗu an sami 1232. Amma a tsarin ƙasashen gabas shinun 300 ne, don haka manhajar da ke bin wannan tsari 532 za ta ba ku, kuskuren shekara 700 cif.

Matakan aiki

Ku fara da tabbatar da kalandar da marubuci ya yi amfani da ita, da ƙasar da ya yi rubutun. Ku yi kintacen shekara da alƙalami. Ku shigar da rana, wata da shekara a manhaja, kuna lura da gurbin kowanne, domin manhajojin Amurka sukan sa wata kafin rana. Ku gwada amsar a wata manhajar dabam, ku duba ko ranar mako ta dace. A ƙarshe, ku rubuta kwanakin biyu tare a aikinku, na asali da wanda kuka juya, domin mai karatu ya iya bin sawunku.

Sababbin kalmomi

manhaja: tsarin umarni da ke sa kwamfuta ko waya ta yi wani aiki
jadawali: bayanai da aka jera a layuka da gurabe
ƙarni: shekara ɗari
ragowa: abin da ya saura bayan an yi rabawa
kintace: hasashen amsa kafin a sami tabbaci
jinjirin wata: sabon wata a daren da aka fara ganinsa
ajami: rubutun Hausa da haruffan Larabci
ramzi: nuna shekara ta hanyar haruffa

Nahawu

Ku lura da kalmar "wata" a waɗannan jimloli: "An ga wata jiya." "Ya yi wata uku a Kano." "Wata manhaja ta ba da amsa dabam." A ta farko abin da ke haskawa a sama ne, a ta biyu lokaci ne, a ta uku kuwa ta macen "wani" ce. Ku nemo misali biyu na kowace ma'ana, daga darasin ko daga kanku.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka tsallake kwana goma a watan Oktoba na 1582?
2. Da kwana nawa shekarar Miladiyya ta fi ta Hijiriyya?
3. Wace gada manhaja take bi tsakanin kalandu biyu?
4. Me ya sa manhajoji biyu za su iya saɓawa da kwana ɗaya?
5. Wane dare ake nufi da "daren Litinin"?
6. Ku bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin sakin layi na farko.

Aiki

(a) Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Zulƙida, 1218. Ku yi kintacen shekarar Miladiyya da alƙalami, sannan ku nemi watan da manhaja.
(b) Lambar 20 ga Afrilu, 1817 ita ce 2,384,815. Wace ranar mako ce?
(c) Ku juya ranar haihuwarku zuwa Hijiriyya da manhajoji biyu, ku rubuta amsar da Hausa.
(d) A ƙasar Ibo akwai mako mai kwana huɗu: Eke, Orie, Afo da Nkwo. Ku tambayi dattawan garinku yadda ake ƙirga ranakun kasuwa da na bukukuwa a al'adarku, ku rubuta jimla goma da Hausa a kan abin da suka faɗa muku.