Alat Ba Kuɗi Ba Ne

A da, wanda ya sayar da albasa a Aliero ko ya kai sa kasuwar Jega, hannu da hannu ake ba shi kuɗinsa, ya ƙirga, ya zuba a aljihu. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Shekarar 2023 na kamawa, tsabar kuɗi ta yi wuyar gani. Dole ta sa mai shayi da mahauci da dillalin hatsi suka koyi karɓar taransifa. Daga baya kuɗi sun dawo hannun jama'a, amma taransifa ta zauna. Yau da wuya ka shiga layin shaguna ba ka ga lambar OPay ko PalmPay ko Moniepoint a rubuce jikin bango ba.

Abin ya kawo sauƙi. Falken da zai taso daga Maiyama ba sai ya bi hanya da damin kuɗi ba. Sai dai ɗan damfara shi ma ya koyi waya, kuma ya riga mu iya ta.

Ga yadda ya fi zuwa wa ɗan kasuwa. La'asar ta yi, kasuwa ta fara watsewa. Baƙo ya yi cinikin buhu goma na albasa, ko ragi bai nema ba. Ya ce, "Alhaji, kawo akawun." Ya ɗan latsa waya, ya miƙo ta, ga rasit da sunanka da adadin kuɗin. Taka wayar ma ta yi ƙara, saƙo ya shigo. 'Yan dako sun fara lodi, direba yana ta danna hon. Baƙon ya ce, "Don Allah Alhaji a sallame mu, kada dare ya yi mana a hanya."

Tsaya tukuna. Rasit hoto ne, kuma ana iya haɗa hoto. Saƙon tes ma ana iya aiko shi da suna mai kama da na bankinka. Shaida ɗaya ce tak: ka buɗe manhajarka da hannunka, ko ka danna lambar bankinka, ka duba balas. Nawa ne a ciki kafin ciniki? Nawa ne yanzu? In bai ƙaru ba, ba a biya ka ba.

Zai ce, "Wallahi na tura, matsalar sabis ce." Yana iya zama gaskiya, domin kuɗi kan maƙale a hanya ko mai turawa mutumin kirki ne. Don haka kada ka kira shi ɓarawo. Ce masa, "Ɗan'uwana, ba rashin yarda ba ne. Kaya su jira tare da mu har kuɗin su sauka." Mai gaskiya zai zauna, ko ya nemo tsabar kuɗi wurin mai POS. Na ƙarya zai fara faɗa, ko ya ce bari ya je ya dawo.

A nan ne karatun da muke koyo a aji yake biyan kansa. Dubi waɗannan: 15,000 da 150,000 da 1,500,000. Bambancinsu sifili ɗaya ɗaya ne, amma na farko dubu goma sha biyar ne, na biyu dubu ɗari da hamsin, na uku miliyan ɗaya da rabi. Akwai wanda zai turo na farko da gaske, ya ce na biyu ya turo, yana fatan ba ka iya ƙirga sifili ba. In kai ne mai turawa, lambar asusu guda goma ce, kuma kafin kuɗi su fita sunan mai asusun yana bayyana. Karanta sunan da ƙarfi, mutumin ya amsa cewa nasa ne, sannan ka danna.

Wani ɗan damfarar kuma ba ya zuwa kasuwa, kira yake yi. Muryarsa a natse, ya ambaci cikakken sunanka, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunka yau in ba a gyara BVN ɗinka ba. BVN lamba ce guda goma sha ɗaya da aka soma bayarwa a 2014, ita ce ke haɗa duk asusun da mutum yake da su. Sai ya ce, "Baba, yanzu wata lamba za ta shigo wayarka, karanto mini ita." Wannan lambar ita ake kira OTP, kuma da ita zai buɗe asusunka daga inda yake zaune. Sanin sunanka ba shaida ba ne. Banki ba ya tambayar OTP, ba ya tambayar fin, ba ya tambayar lambobin da ke jikin katinka. Kashe wayar kawai. Haka nan saƙon WhatsApp ko Facebook da ke cewa ka ci tallafi, ka latsa nan ka cika bayananka. Haka nan mai kuka a waya cewa ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka mayar masa yanzu. Ce masa ya bi ta banki.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu bari. Dattijo zai tsaya gaban mai POS, jama'a na tsaye, ya miƙa kati ya ce, "Yaro, sa ɗaya-biyu-uku-huɗu." Uwar gida za ta aiki yaro da kati, ga fin a rubuce jikin takarda. Yawancin masu POS neman halalinsu suke yi, amma ba ka san kunnen wa ke kusa ba. Fin lamba huɗu ce kacal. Wanda ya iya haddace lissafin bashin da yake bin mutum goma ba zai kasa riƙe ta ba. Dubi adadin da aka rubuta a na'urar, kare da tafin hannu, danna da kanka, sannan ka tabbatar katin da aka dawo maka da shi naka ne. Kada fin ɗin ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka.

Masu cewa ka zuba dubu hamsin ta zama dubu ɗari cikin wata guda, ba sabon abu ba ne. Cikin irinsu, MMM ta tsaya da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX kuma ta rufe a Afrilun 2025.

In wayarka ta ɓace, kada ka bari sai gobe. Layinka shi ne ƙofar asusunka. Ari wayar wani ka kira banki a rufe asusun, sannan ka je ofishin kamfanin layin da lambarka ta NIN a toshe shi, a dawo maka da shi. In kuma an riga an cuce ka, kunya ba ta dawo da kuɗi. Sanar da banki nan take, domin wani lokaci ana tsare kuɗin kafin a kwashe su. Karɓi lambar ƙorafi, ka adana saƙonnin duka. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai kuka Babban Banki. Ana kuma kai ƙara wurin 'yan sanda, ko ofishin EFCC da ke Sakkwato.

Kafin darasi na gaba, kowa ya tambayi bankinsa lambar da ake kira ko ake dannawa a rufe asusu. Ka rubuta ta da hannunka a littafinka na gida, ba cikin waya ba, ka zo da ita aji mu karanta tare.