Amfanin Rawar Daji Tare da Maƙwabta

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi bayani a kan atisayen haɗin gwiwa, watau sojojin ƙasashe abokan juna su taru su yi rawar daji tun yaƙi bai zo ba.

Dalilinsa a fili yake. Sojan Nijeriya da Turanci ake ba shi umarni, na Nijar da Chadi kuwa da Faransanci. In ba su saba da juna ba, ranar gumurzu sai a ruɗe, har wani ya harbi ɗan'uwansa. A atisaye ne suke daidaita maganar rediyo, da karatun taswira, da kwashe masu rauni.

Misalinsa shi ne Flintlock, wanda Amurka ta soma a 2005. A 2014 an yi shi a Agadas, Tawa da Difa, har da sojojinmu. A Maris 2015 kuwa sojojin Nijar da Chadi suka ƙwato garin Damasak na Jihar Borno daga hannun Boko Haram.

Amma zumuncin ya yi rauni. Sojojin Amurka sun bar Nijar a 2024, ita Nijar kuma ta fice daga rundunar Tafkin Chadi a 2025.

Mu a Rano da Kibiya kada mu ce iyaka tana da nisa. A ƙarni na 19 mahara daga Ningi sun sha addabar ƙasar nan. A ganina tilas shugabanni su sasanta, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.