Mai Doguwar Suma Yana Iya Jin Mu

Darasinmu na wannan wata ya shafi 'ya'yanmu masu fatauci a Guangzhou ta ƙasar Sin, irin masu sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. Idan ciwo ya kai ɗayansu ɗakin kulawa ta musamman cikin doguwar suma, akwai aikin da ke kanmu ban da addu'a da kuɗin magani.

Ana koya wa ma'aikatan jinya su riƙa yi wa mai suma magana. Nas takan kira sunansa, ta gaya masa inda yake, ta sanar da shi kafin ta juya shi ko ta yi masa allura. Takan ce ya buɗe ido ko ya matse mata hannu, don auna zurfin sumar da ma'aunin Glasgow, wanda aka fito da shi a 1974, mai maki 3 zuwa 15 a yau.

Akwai dalili. A 2006 a Ingila, Adrian Owen da abokan aikinsa suka ce wa wata mata da ba ta motsi ta raya tana buga tanis, na'ura ta nuna ƙwaƙwalwarta ta amsa. Wani bincike na 2024 ya samu irin wannan amsa ga mutum 60 cikin 241.

To amma nas a Guangzhou da Sinanci za ta yi magana. Wanda bai fahimci umarni ba ba zai bi ba, ko da yana ji. Don haka:

1. Mu gaya wa nas sunan da ake kiransa da shi a gida, da harshen da yake ji.
2. Mu naɗa mata "buɗe idonka" da "matse hannuna" da Hausa a waya.
3. Mahaifiya ko mata ta aiko da murya ta WeChat, tare da karatun Alƙur'ani, a nemi izini a sa masa.
4. Kada mu yi zancen bashi, kaya ko gado a gefen gadonsa.
5. Idan ajali ya gabato, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, kusa da kunne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya.