Darasi: Yadda Za Ku Kula da Babur Don Ya Daɗe Yana Yi wa Iyali Aiki

Darasinmu na wannan fitowa a kan babur ne, wanda mutanen nan suke kira moto.

Duk baƙon da ya sauka a Wagadugu, abin da yake fara lura da shi shi ne yawan babura. Maza da mata, ɗalibai da dattawa, kowa yana kan nasa. A Maraɗi mutum yana iya tsayar da ɗan kabu-kabu a kowace kwana, amma a nan yawancin gidaje da nasu babur suke dogara. Garin kuma ya yi faɗi. Tun 2003, da aikin ZACA ya rushe Zangouettin, tsohon zangon Hausawa, tare da wani sashe na Kamsaoghin, aka mai da mazauna da yawa Ouaga 2000 da Nioko. Yau mai sana'a a kewayen Kamsaoghin ko babbar kasuwar Rood Woko sau da yawa a bakin gari yake kwana, haka ma yawancin waɗanda suka iso kwanan nan.

Hukumar CONASUR ta ƙirga mutum fiye da miliyan 2 da rashin tsaro ya raba da gidajensu a ƙasar nan zuwa ƙarshen Maris 2023. Da yawa sun baro gona da rumbu da dabbobi, babur ne kaɗai dukiyar da ta iso tare da su. Da shi ake zuwa neman aiki, da shi ake ɗauko ruwa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Idan injinsa ya buga, kuɗin gyara yana iya cinye abincin wata. Abin da ke kashe injin kuwa, galibi ƙananan abubuwa ne da za a iya tarewa a gida da kuɗi kaɗan.

Abubuwa uku da ke cin babur a garin nan

Na farko ƙura. Da an sauka daga kwalta sai jar ƙasa, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana ƙara tasa. Ƙurar da ta shiga inji tana haɗuwa da mai, ta riƙa goge ƙarfe kamar yashi. Na biyu zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, baƙin mai ya tsinke da wuri. Na uku ruwa, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da lunguna ke cika da taɓo. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa maganin waɗannan uku ne.

Duban safe

Kafin ku tayar da babur, ku ba shi minti biyar. Ku dubi ƙasan inda ya kwana, ko akwai ɗigon mai. Ku matsa tayoyi ku ji iskarsu, ku duba ko ƙusa ta shige. Ku kama birkin hannu, ku taka na ƙafa. Ku gwada fitilar gaba da ta baya da sigina da hon. Idan kun tayar, ku bar shi minti ɗaya ko biyu yana aiki a hankali, don mai ya hau sama kafin a ɗora masa nauyi. Murɗa totur da ƙarfi a kan inji mai sanyi yana rage masa kwana.

Baƙin mai

Idan abu ɗaya kaɗai za ku riƙe daga darasin nan, to, ya zama wannan. Ƙananan babura irin su Yamaha Sirius da Crypton da makamantansu na ƙasar Sin ba sa cin mai da ya kai lita ɗaya. Wajen lita 0.8 ne. Wannan ɗan man shi ke sanyaya inji, shi ke shafe giya, shi ke jiƙa kulochi. Saboda haka yana saurin gajiya.

Ku duba shi sau ɗaya a mako. A kafa babur a kan tsayuwar tsakiya a wuri mai daidai, a kashe inji, a jira 'yan mintoci. A kwance murfin mai, a goge sandar da ke jikinsa, a mai da ita ba tare da an murɗa ba, a sake zarowa. Mai ya kamata ya tsaya tsakanin alamar sama da ta ƙasa. Idan ya yi ƙasa a ƙara, amma kada a wuce alamar sama.

Juyen mai, wanda makanikan nan suke kira bidanji, littafin kowane babur yana faɗin lokacinsa. Amma a cikin ƙura da zafi irin namu, ya fi lafiya a juye shi bayan kowace kilomita 1,000 zuwa 1,500. Ga lissafi: mai tafiyar kilomita 30 a rana, kwana shida a mako, yana cin kilomita 180 a mako. Wato cikin mako shida ya wuce 1,000. Idan agogon kilomita ya mutu, sai ku ƙirga da makonni. Sabon babur, ko wanda aka sake wa zoben fistan, a yi masa juyen farko da wuri, kafin ya wuce kilomita 1,000.

Ku sayi mai a cikin gora wadda ba a fasa murfinta ba. Ku nemi alamar 4T da JASO MA a jikinta, da lambar kauri irin wadda littafin ya ce, kamar 20W-50. Wasu mayukan mota suna sa kulochin babur santsi. Man da ake awo daga buɗaɗɗiyar durom kuwa, babu mai iya ce muku ga abin da ke ciki. Araha ba ta ado. Ku tsaya a wurin har a buɗe gorar a gabanku a zuba.

Mai tsohuwar P50 ko wani babur mai hayaƙi, nasa daban ne: mai na 2T yake buƙata, wanda ke ƙonewa tare da fetur. Kada a musanya su.

Matatar iska

Ita ce hancin babur. Tana cikin baƙin akwatin roba kusa da kafireto. Idan ta toshe, babur yana shan fetur da yawa, ƙarfinsa ya ragu. Idan ta yage, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji. A duba ta duk wata, a hunturu kuma duk mako biyu.

Idan ta soso ce, a wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, a matse ba tare da an murɗe ta ba, a bar ta ta bushe sarai, a ɗiga mata ɗan mai mai tsabta, a sake matsewa. Idan ta takarda ce busasshiya, ba a sa mata ruwa, kakkaɓe ta ake yi. Idan takardar mai maiƙo ce tun daga kamfani, ba a wanke ta, sakewa ake yi. Wani zai ce muku a cire ta gaba ɗaya babur ya fi gudu. Kada ku yarda.

Sarƙa

Ku taɓa sarƙa a tsakiyarta ta ƙasa, ku ɗaga ku sauke. Wasan da take yi ya zama santimita 2 zuwa 3, kamar faɗin yatsu biyu. Idan ta yi sako-sako tana iya zamewa ta kulle tayar baya ana cikin gudu. Idan ta yi tauri tana cin haƙoran da take hawa. Duk mako a goge ta da tsumma da kananzir, a shafa mata mai mai tsabta. Tsohon man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe, bai dace da ita ba. Murfin sarƙa kuma ba ado ba ne, ƙura yake tarewa. Kada a cire a yar. Idan haƙora suka yi tsini kamar ƙaya, a sake sarƙa da haƙoran gaba da na baya a tare, don tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa.

Taya da birki

A auna iska wurin mai faci sau ɗaya a mako, da safe kafin taya ta yi zafi. Yawan iskar da ake so yana rubuce a jikin babur ko cikin littafinsa. A ƙananan babura wajen bar 2 ne, ta baya ta ɗan fi idan za a yi goyo ko ɗaukar kaya. Taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan fetur, tana kuma yanka tib. Tayar da zanenta ya shafe, ko gefenta ya tsattsage, ta gama aiki, ko da ba ta taɓa faci ba.

Birkin hannu ya kama bayan an ja shi santimita 1 zuwa 2, na ƙafa bayan santimita 2 zuwa 3. Idan kun ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, takalmin birki ya ƙare. Wannan ba gyaran da ake cewa sai an samu kuɗi ba ne. Gara a ajiye babur a yi tafiyar ƙafa da a ɗauki yara a kan babur marar birki.

Fulogi, batir da fetur

Fulogi, wanda a nan ake kira buji, yana ba da labarin inji. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau. Idan baƙi ne da kunkunniya, matatar iska ta toshe ko fetur ya yi yawa. Idan jiƙe yake da mai, inji ya fara shan baƙin mai, sai makaniki. Ku ajiye sabo ɗaya da sifanarsa a ƙarƙashin kujera.

Ku duba kawunan batir kada su yi farin gari ko su kwance. Batir mai ruwa, ruwan batir kaɗai ake ƙara masa, ba na rijiya ko na famfo ba.

Fetur na gidan mai ya fi na kwalba aminci. Idan dole ta sa aka sayi na kwalba, a tace shi da tsumma mai tsabta. Kada a riƙa barin tanki yana ƙarewa ƙaf, don dattin da ya kwanta a ƙasa shi ke toshe kafireto.

Idan babur ya shiga ruwa

Mutanen Wagadugu ba su manta da ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ba, kuma kowace damina akwai lungunan da ruwa ke shanyewa. Kada ku ratsa ruwan da ya kai bakin salansa, ko ruwa mai gudu wanda ba ku ga ƙasansa ba. Idan babur ya mutu a cikin ruwa, kada a yi ta buga shi. Ruwan da ya shiga inji yana lanƙwasa ƙarfen ciki. A tura shi waje, a cire fulogi, a busar da matatar iska. Idan baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a juye shi nan take. Bayan an ratsa ruwa birki yakan yi santsi, sai a riƙa taɓa shi a hankali har ya bushe.

Aikin makaniki

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Saitin bawul, wankin kafireto, kulochi, wayoyin wuta da buɗe inji, a bar wa masu sana'ar. Ku tambayi maƙwabta da 'yan'uwa na masallaci ko na coci wanda suka yarda da shi, ku riƙe shi shi kaɗai don ya san babur ɗinku. Ku yi ciniki kafin a taɓa, kuma ku karɓi tsohon kayan da aka cire. Sabuwar ƙara, shuɗin hayaƙi, ko zafi fiye da kima, a kai shi cikin makon. Matasan da ke zaune ba aiki kuma, koyon gyaran babur sana'a ce da ba ta rasa kasuwa a garin nan.

Tsaron gida

Yawancinmu ɗaki ɗaya muke rabawa da yara. Kada a tayar da babur a cikin ɗaki ko rufaffen zaure. Hayaƙinsa yana da guba marar wari da ke kisa. Kada a ajiye fetur kusa da murhu, kada kuma a zuba shi a gorar ruwan sha inda yaro zai ɗauka. Salansa tana daɗewa da zafi bayan an kashe inji, a juya ta wajen bango. Tsohon baƙin mai ba magani ba ne: ba a shafa shi a ciwo ko ƙuna, ba a zubar da shi kusa da rijiya. A bar shi wurin makaniki. Idan gobara ta tashi ko aka yi hatsari, lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, ta 'yan sanda 17.

Takardu da hular kwano

Ku adana rasit ɗin saye da katin mallaka, wanda ake kira kart giriz, cikin leda, ku kuma ɗauki hotonsu a waya. Kada ku sayi babur marar takarda komai arharsa. Wanda takardunsa suka salwanta a hanyar gudu, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda tun kafin a tare shi. A 2022 gwamnati ta ɗauki matakai a kan wasu manyan babura irin su Aloba, Sanili da Fortune saboda tsaro, kuma wasu yankuna suna da dokar hana hawa ko ta lokaci. Ku tambaya kafin ku fita gari.

Hular kwano doka ce a ƙasar nan, hukumar ONASER kuma tana ta faɗakarwa a kanta. A ɗaure igiyarta a haɓa, mai tuƙi da wanda aka goya. Babur yana da kayan gyara a kasuwa, kai ba shi da su.

Abin da za a yi daga yau

Ku sami ƙaramin littafi, ko ku rubuta a bayan ƙofa: ranar juyen mai da lambar kilomita. Kowace safiya, duban minti biyar. Kowane mako, mai da sarƙa da iskar taya. Kowane wata, matatar iska da fulogi da birki. Ku keɓe gwangwani na babur, duk ranar da ya fita aiki a jefa masa 'yan canji, don ranar juye ta same ku da kuɗin a hannu. A karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a kuma koya wa mata da matasan gida, domin su ma suna hawa.

Allah Ya tsare hanya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.