Yadda Ake Cire Tabo Daga Daɓen Laminet

Daɓen laminet yana kama da katako a ido, amma ba gundarin katako ba ne. Kamfanin Perstorp na ƙasar Sweden ne ya ƙirƙiro shi a 1977, aka riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Kowane falle hawa huɗu ne: shimfiɗar ƙasa mai tare danshi, sai tsakiya da aka yi da garin katako da aka matse da gam, sai takarda mai ɗauke da hoton katako ko dutse, sannan fata mai tauri da ake ganin abin da ke ƙarƙashinta. Wannan fata ba ta shan ruwa, don haka yawancin tabo a kanta yake zama, ba ya nutsewa. Raunin daɓen yana mahaɗar fallayen. Idan ruwa ya kwanta a wurin, sai ya tsiyaya zuwa tsakiya, garin katakon ya sha ya kumbura, bakin fallen ya ɗago, kuma ba ya komawa yadda yake ko ya bushe. Shi ya sa ɓarnar da wanki da bokiti da dirza ke yi ta fi ta tabon kansa.

Kafin a taɓa tabo, a share wurin da tsintsiya mai laushi. Ƙura da yashi, musamman lokacin hunturu, suna kankare fatar idan aka haɗa su da tsumma aka goga. Tsumman kuwa a matse shi sosai har ya daina ɗiga, kuma a bi bayansa da busasshe nan take.

Shayi, kofi, zoɓo, lemo da kunu duk ruwa ke narkar da su. Ruwan ɗumi da ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke sun isa. Zoɓo ne ke buƙatar hanzari, domin jansa yana maƙalewa a mahaɗa. Jini kuma ruwan sanyi yake so, saboda zafi yana daskarar da shi.

Manja, man gyaɗa da miya suna barin maiƙo, kuma a nan aka fi yin kuskure. Gogawa kai tsaye baza man take yi, ta tura shi cikin tsagi. A fara ɗora takarda ko busasshen tsumma a danna ya tsotse, sannan a bi da ruwan sabulu, a ɗauraye da tsumma mai tsabta. Sabulun da aka bari ya bushe yana sa daɓen ya dusashe, har a zaci tabon ne bai fita ba. Idan hakan ta faru, ruwan khal kofi ɗaya cikin ruwa lita 4 yana kwashe shi, sai dai ba na kullum ba ne, domin tsaminsa yana rage sheƙi a hankali.

Tawadar biro, maka, jan farce, jan baki, man goge takalmi da kwalta ba sa jin ruwa. Maganinsu sifirit ne ko asiton, wato ruwan cire jan farce. A ɗiga kaɗan a kan auduga ko farin ƙyalle, kada a zuba a ƙasa, a goga daga gefen tabon zuwa tsakiya, sannan a share da tsumma mai danshi. Ya kamata a gwada a lungu tukuna, misali bayan ƙofa. Sifirit da asiton duka suna kama wuta, don haka a buɗe taga, a nesanta su da risho, kyandir da kaskon turare. Lalle idan ya ɗiga, a kwashe shi da cokalin roba tun yana ɗanye ba tare da an shafe shi ba. Sauran launin a bi shi da sifirit.

Cingam da kakin kyandir sai an sandarar da su. A sa ƙanƙara cikin leda a ɗora na 'yan mintuna, sannan a ɓamɓare da tsohon katin roba. Wuƙa da reza suna barin zane. Baƙin layin da takalmi ke ja kuwa, abin goge fensir yana fitar da shi.

Soson ƙarfe, hodar dirza, toka, bilic da na'urar goge ƙasa mai tururi duk ba su dace da wannan daɓe ba. Haka man sheƙi na katako, wanda ba ya shiga fatar, sai dai ya zauna yana tara datti.

Akwai alamun da ba tabo ba ne. Ƙunar garwashi, zane mai zurfi da kumburin mahaɗa lahani ne a jikin fallen, kuma laminet ba a kankare shi a sabunta kamar katako, domin ƙarƙashin fatar takarda ce kawai. Ƙaramin zane ana cike shi da kakin gyara mai launin daɓen. Abin da ya wuce haka sai an cire fallen an sa wani, kuma da yake masu sayarwa suna yawan canza launi, yana da kyau mai gida ya ajiye fallaye kaɗan daga rukunin da aka shimfiɗa tun ranar aiki.